Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Jama'atu Nasril Islam da limaman Juma'a: uwar da ta ga alama, ƙofar wa za ta buga?

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, shugaban Jama'atu Nasril Islam, da iyayenmu malamai, da limaman masallatan Juma'a na Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ƙara wa Sarkin Musulmi lafiya da nisan kwana, Allah ya gafarta malamai. Ni malamar makarantar matan aure ce a cikin birnin Kano, shekara goma sha takwas ke nan ina biya wa mata karatun Alƙur'ani da fiƙihu bayan la'asar. Na san ban kai in tsaya gabanku in yi magana ba. Sai dai akwai zancen da ake kawo mana a bakin tabarma wanda ba ya isa mumbari, kuma na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Wata rana an tashi karatu, mata suna naɗe tabarmi, sai wata ɗalibata ta tsaya wai tana neman takalminta. Takalmin yana gabanta. Sai da ajin ya watse ta dawo ta zauna kusa da ni, tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Malama, yaron wajena ne." Ɗanta na fari, shekararsa goma sha bakwai, ya gama sakandare bai samu gurbin jami'a ba, yana zaune a gida. Wata biyar da suka wuce ya daina zaman majalisa, ya daina zuwa gidan kallon ƙwallo, ya fara tashi cikin dare yana nafila. Ta ce, "Wallahi da farko murna nake yi, har sadaka na bayar." Daga nan ya daina bin limamin unguwa salla, sai ya yi tasa a soro. Ya daina cin duk abin da aka dafa da cefanen babansa, wai albashin gwamnati ne, gwamnati kuma ɗagutu ce, wato mai mulki da dokar da ba ta Allah ba. Uban ƙaramin ma'aikaci ne, albashin ma ba ya kai su ƙarshen wata. Kullum abin sauraro na maƙale a kunnensa, idan ta shigo ɗaki sai ya kife wayar. Ranar da hankalinta ya tashi sosai ita ce ranar da ta je zubar da shara ta ga katin zaɓen mijinta a karye gida biyu. Da ta yi masa magana bai ɗaga murya ba. Cikin ladabi ya ce, "Umma, tausayinku nake ji, ke da Baba, don ba ku gane ba."

Na ce ta gaya wa mahaifinsa. Ta ce idan ya ji, ko dai ya lakaɗa masa duka ko ya ce ya bar masa gida, kuma idan ya bar gidan ta san inda za shi. Ga kishiya, abin da ta ji da safe unguwa ta ji shi kafin azahar. Na ce mai unguwa fa? Ta dube ni ta ce, "Daga mai unguwa sai caji ofis, Malama. Daga can kuma ban san ranar da zan ƙara ganinsa ba. A ce gidanmu gidan 'yan Boko Haram ne? Ina da 'yan mata uku, wa zai zo neman aurensu? Gidan haya muke." Na ce liman? Ta ce yaron ya riga ya kafirta shi, kuma tana tsoron kada ran Juma'a ta ji labarin ɗanta a lasifika ko da ba a kama suna ba.

Gaba kura, baya sayaki. Ni da na saba ba da amsa, ranar ba ni da ita.

Allah ya gafarta malamai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Duk sanda wani abu ya faru, daga mumbari har gidan rediyo har bakin gwamnoni maganar ɗaya ce: iyaye su sa ido a kan 'ya'yansu. To, wannan baiwar Allah ta sa ido, kuma ta gani, tun abin yana ɗanye. Sai me? Tsakanin yin shiru da miƙa ɗa ga hukuma babu wata ƙofa a tsakiya, shi ya sa mafi yawan iyaye suke zaɓar shiru. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma duk wanda ya zargi uwa a kan wannan shirun bai taɓa haihuwa ba.

Kada a ɗauka matsalar talaka ce kawai. A watan Nuwamban 2009 Alhaji Umaru Mutallab, mutumin Funtuwa, tsohon shugaban hukumar gudanarwar bankin First Bank, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce yana fargabar aƙidar da ɗansa ya ɗauka, ya yanke hulɗa da gida, yana can Yaman. Yaron ya yi jami'a a Landan, bai san yunwa ba. Bayan 'yan makonni, ranar 25 ga Disamba, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsadam zuwa Ditiroyit, yanzu yana zaman ɗaurin rai da rai. Wannan uba ya yi abin da ba kowane uba zai iya ba. Amma ku duba, mutum mai wannan matsayi, da ya rasa yadda zai yi, ƙofofin da ya samu a buɗe na jami'an tsaro ne da na jakadanci. Ina ga matar masinja a lungun cikin gari?

Mu mutanen Kano ba yau muka fara ganin wannan wuta ba. A Disamban 1980 rikicin Muhammadu Marwa, Maitatsine, ya tashi a 'Yan Awaki, ya ci rayuka sama da dubu huɗu. Bai tsaya nan ba: Bulunkutu a Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, Gwambe a 1985. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe masa makami gardawa ne da samarin da suka shigo birni daga ƙauyuka, iyayensu suna can nesa suna zaton karatu ake yi. Mahaifiyata tana ba mu labarin yadda ake ganin yaran a kasuwa da tasha, kowa ya san akwai abin da ba daidai ba, amma ba ɗan kowa ba ne balle a ja shi gefe. Shekara ashirin da 'yan kai bayan nan sai ga Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, da Markaz ɗinsa a wajen tashar jirgin ƙasa ta Maiduguri. Wannan karon ba almajirai kaɗai ba ne, har da 'yan jami'a da suka yayyaga takardun shaidarsu, har da 'ya'yan masu hali. Ya ba su wa'azi, gaskiya ne, amma ya haɗa musu da jarin sana'a, da babur ɗin achaba, da aure mai sauƙi, da wurin zama inda za a kira saurayi "ɗan'uwa" a saurare shi. Saurayin da a gida sunansa "kai dalla tashi", a can ya zama mutum. Ina ganin har yau ba mu ba wannan ɓangaren nauyin da ya kamata ba.

Ban ce malamai sun yi shiru ba, Allah ya tsare ni. Marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ya yi gargaɗi a kan wannan tafiya tun tana ƙarama, aka harbe shi yana jan sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a watan Afrilun 2007. Malam Isa Ali Pantami ya zauna muƙabala da Muhammad Yusuf a 2006, faifan yana nan har gobe. Marigayi Shaihu Auwal Albani Zariya ya yi ta warware hujjojinsu, aka kashe shi da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014. Cibiyar da'awa ta Minna ta yi rubuce-rubuce tana bin shubuhohin ɗaya bayan ɗaya. Ilimin martani akwai shi, kuma da jini aka biya shi. Abin da ya rage shi ne wannan ilimi yana kaset, yana littafi, yana zauren taro a otal, bai shigo tsakar gida ba. Ɗalibata ba ta san me ake nufi da ɗagutu ba sai da ɗanta ya jefa wa ubansa kalmar. Ba ta san ayar Suratul Ma'ida da yake ja a kan wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba, balle ta san abin da Ibnu Abbas ya faɗa a kanta, cewa kafirci ne da bai kai kafircin fita daga addini ba. Yaro ya ja aya da Larabci, uwa ta yi tsuru-tsuru, daga ranar ya gama da ita.

Akwai wani bincike da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, bayan ta tattauna da ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, har da Nijeriya. Kashi 57 cikin ɗari sun amsa cewa ko dai ba sa karanta nassoshin addini ko kuma ba sa fahimtarsu sosai. Binciken ya kuma nuna cewa yaron da ya daɗe yana karatun addini mai inganci ya fi wuyar ja. Wato ba yawan addini ne ya kai su ba, ƙarancinsa ne, kuma wannan ya kamata ya faranta muku rai ya kuma ɗora muku nauyi. Sai ɗaya adadin, wanda shi ne tsoron ɗalibata da ba ta taɓa jin labarin binciken ba: kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ƙarasa tura su shi ne wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Mun ga haka da idonmu bayan Yulin 2009, da aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, abin da aka zaci an binne ya dawo ya fi da muni. Idan aka kama yaro ɗan shekara goma sha bakwai da bai taɓa riƙe ko wuƙa ba aka kulle shi da waɗanda suka yi nisa, an kai shi makaranta ne. Ƙanensa da ya ga an jefa shi a mota shi ma an yi masa rajista.

Roƙona bai fi ƙarfinku ba. Jama'atu tun 1962 take, zamanin Sardauna, tana da rassa har ƙananan hukumomi, tana da 'yan agaji, duk azumi tana tura masu tafsiri lungu da saƙo. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, tun 1985 tana cikin mata, tana da makarantu da amirori a jihohi. Ku haɗa hannu ku samar wa kowace gunduma mutum biyu ko uku, a ciki lallai da mace, waɗanda uwa za ta iya zuwa wurinsu ta faɗi abin da ta gani ba tare da ta ji ta sayar da ɗanta ba. Mace dole ce, don uwa ce ke fara gani, ita ke share ɗaki, ita ke lura an bar tuwo, kuma ba za ta iya zama gaban liman ta buɗe cikinta ba. A zaɓi masu riƙe sirri, ba masu baki ba. A koya musu shubuhohin nan da amsoshinsu, a koya musu yadda ake zama da saurayi a bar shi ya gama maganarsa kafin a ba shi amsa. A kuma zauna da hukumomin tsaro tun farko a shata iyaka a rubuce, kowa ya sani: yaron da yake magana kawai, wannan na malamai ne da iyayensa, wanda aka ga makami a wurinsa ko yake shirin cutar da wani, wannan ba a ɓoye shi, kuma a gaya wa uwar haka tun ranar farko kada a yaudare ta. Irin wannan yarjejeniya ba malamar Islamiyya ce za ta nemo ta ba. Sai mai rawani irin na Sarkin Musulmi.

Kuma don Allah a faɗa wa iyaye alamar gaskiya, kada a bar su da zato. Gemu ba alama ba ne, ɗage wando ba alama ba ne, niƙabi ba alama ba ne. Na san gidan da aka takura wa yaro, aka yi ta kiransa "ɗan Boko Haram" da wasa don kawai ya fara azumin Litinin da Alhamis, har ya daina zama cikin 'yan'uwansa. Abin dubawa shi ne ranar da yaro ya fara raba duniya gida biyu, su da kowa. Ya fara kafirta liman da malamin makarantarsu da ɗan sandan layinsu. Ya yanke tsofaffin abokai gaba ɗaya ya koma ga sababbin da ba ya yarda a gani. Ya fara zancen hijira. Ya fara ganin jinin wani ba komai ba ne. Ko kuɗi su bayyana a hannunsa ba a san mafarinsu ba. Sannan a gaya wa iyaye maza, daga kan mumbari, da muryar da suke jin nauyi, cewa duka da kora ba magani ba ne. Masu jan yaron sun riga sun gaya masa cewa gidansu za su ƙi shi saboda gaskiya. Ranar da uba ya watso masa kaya waje, ya gaskata su da hannunsa.

Da can sai yaro ya taka ya je wurin wa'azi, maƙwabci ya gan shi ya kawo rahoto. Yanzu malamin yana cikin aljihu. Daga ɗan guntun bidiyo a TikTok ko Facebook, sai a ce ga lamba, a shigar da shi zauren WhatsApp, daga nan a wuce da shi Telegram inda ba mai gani. Uwar da ba ta iya karanta saƙon wayarta sai an karanta mata, yaya za ta bi wannan sawu? Ƙwace wayar ma ba ya hanawa, ta aboki tana nan. A yammacinmu kuma ga Lakurawa a yankin Tangaza da Gudu da wasu sassan Kabi, ga Ansaru da suka daɗe a dajin Birnin Gwari, duk da salon da muka sani: su zo da wa'azi da alkawarin kariya daga ɓarayin daji da ɗan abin hannu, sai samari su bi.

Akwai kuma inda gidan ne kansa matsalar. Ba za mu manta yarinyar nan 'yar shekara 13 ba, wadda aka ɗaura wa bam aka turo Kantin Kwari a Disamban 2014, ta ƙi tayarwa, daga baya ta ce mahaifinta ne ya kai ta wurinsu. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga yara 83 da aka yi amfani da su a harin ƙunar baƙin wake daga Janairu zuwa Agustan 2017, 55 daga ciki mata. Don haka ƙofar da nake roƙo ba ta iyaye kaɗai ba ce. Goggo ma ta iya bugawa, da kaka, da yayar da ta ga ana shirin aurar da ƙanwarta ga mutumin da ba wanda ya san asalinsa.

Yanzu zan faɗi wadda ta fi mini nauyi, ku yafe mini. Yaran nan ba a daji suka fara jin kafirtawa ba. A wayoyinsu suke ganin malamin wannan ɓangare yana fitar da na wancan daga Musulunci, ana yanko minti biyu ana yaɗawa, mabiya suna kabbara. Yaron da ya tashi yana jin cewa rabin masallatan garinsu ba a bin su salla, ba wani dogon tsalle zai yi ba kafin ya ce duka ba a bi. Mai ɗaukar mutane aikin ta'addanci ginin da ya tarar yake ɗora wa bulo. Saɓani tsakanin malamai ba zai ƙare ba, ban kuma ce ya ƙare ba, amma harshen da ake yin sa da shi 'ya'yanmu ne suke gadonsa, kuma su ba su san inda ake taka birki ba.

Ku kuka karantar da mu cewa da Khawarijawa, masu kafirta Musulmi, suka ware a ƙauyen Harura, Abdullahi ɗan Abbas ya nemi izinin Sayyidina Ali, ya sa tufafinsa mafi kyau, ya je har inda suke, ya ce su kawo abin da suke riƙe da shi. Suka kawo, ya bi ɗaya bayan ɗaya, dubbai suka dawo. Ku kuka karantar da mu hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, na mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, ya ce to a kansu za ka yi jihadinka. Da ayar Suratu Luƙman da ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka, kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Waɗannan su ne makaman uwa. Ina so a ce kowace mace da ke zuwa Islamiyya ta haddace su kamar yadda ta haddace farillan alwala, ta kuma san akwai wani Ibnu Abbas ɗin a unguwarsu da zai sa rigarsa ya zo soro ya zauna.

Gwamnati ta buɗe sansani a Malam Sidi ta jihar Gwambe inda ake gyara tunanin waɗanda suka ajiye makami, kuma tun 2021 dubban mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya a Barno. Ana ta muhawara a kan wannan, ba ita ta kawo ni ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne wanda ya je ya dawo yana da wurin zuwa, da malami, da mai ba shi shawara, da koyon sana'a. Wanda bai riga ya tafi ba, yana kwance a ɗakin uwarsa da waya a kunne, ba a tanadar masa komai ba.

Ita ɗalibar tawa, abin da muka iya shi ne muka nemi wani kawunsa, ƙanen uwar, mai gyaran janareto, wanda ya yi karatu mai zurfi a zaure kuma ba ya fushi da wuri. Ya ce yana neman yaron shago, ya ɗauke shi. Suna aiki suna gardama, hannu duk baƙin mai, wata rana a rabu lafiya, wata rana yaron ya yi kwana biyu bai zo ba. Aka lallaɓa uban ya yi alkawarin ba zai ɗaga hannu ba, kuma ya cika, ko da yake na san abin yana cin sa. Yanzu yaron ya koma cin abincin gida. Har yau bai koma bin liman ba, wayar kuma tana nan. Sa'a aka yi akwai kawu. Tun daga lokacin mata biyu sun tsaya neman takalmi bayan an tashi karatu, ɗaya bazawara ce, ba ta da kowa a garin nan. Makon jiya ta sake tambayata wurin wa za ta kai ɗanta, na ce ta ƙara haƙuri, na rubuta wa manya.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Malamar makarantar matan aure, cikin birnin Kano.